A Gyara Tsohon Lambu, Kada A Tumɓuke Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ba kasafai ake kawo shi shafin wasiƙu ba, wato yadda mai gida zai sabunta tsohon lambunsa da farfajiyar gidansa ba tare da ya zubar da kuɗi masu yawa ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kuskure da nake ganin ana maimaita shi, wanda ni ma na taɓa faɗawa cikinsa. Mutum zai gaji gida ko ya saye shi, ya tarar da lambun da aka dasa shekara 20 ko 30 da suka wuce, fulawoyi sun yi duhu sun rufe tagogi, ciyawa ta mutu a ƙarƙashin bishiyoyi, daɓen hanya ya tsattsage, sai tunanin farko da zai zo masa ya kasance a kira masu gatari su share komai, a malala siminti, sannan a sayo sabbin fulawoyi a jera a tukwane. Wannan ita ce hanya mafi tsada, kuma ita ce take salwantar da abu ɗaya tilo da kuɗi ba sa iya sayowa a lambu, wato shekarun da bishiya ta kwashe tana girma.

Fenti, kujeru, fitilu da tukwanen fulawa duk ana iya samunsu a yini guda idan da hali. Inuwar bishiyar da ta shekara 25 kuwa sai an jira shekara 25. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bayyana cewa zafin wurin da inuwa ta rufe yana iya kasancewa ƙasa da na wanda rana ke duka kai tsaye da digiri 11 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos a lokacin da zafi ya kai ƙololuwa, ban da sanyin da ganye ke kawowa ta hanyar fitar da tururin ruwa. Wanda ya sare irin wannan bishiya don farfajiyarsa ta yi fili, zai biya kuɗin saran, ya biya kuɗin rumfar da za ta maye gurbinta, sannan ya ci gaba da biyan kuɗin sanyaya ɗakunan da rana ta samu hanyar dukan bangonsu.

Saboda haka aikin farko ba ya cin ko kwabo, sai dai haƙuri. Mai gida ya ɗauki takarda ya zana farfajiyarsa, ya riƙa fita da safe, da tsakar rana, da la'asar, yana yin alama a inda rana ke sauka da inda inuwa ke kwana, domin masana aikin lambu suna kiran wuri mai cikakkiyar rana ne idan yana samun aƙalla awa 6 na hasken rana kai tsaye, kuma yawancin tsiron da ke mutuwa bayan an saye shi da tsada ba cuta ce ke kashe shi ba, an dasa shi ne a inda bai dace ba. Idan aka yi ruwan sama ya fita ya ga inda ruwan ke bi da inda yake kwanciya. Ya kuma lura da inda ƙafafun mutanen gida suka riga suka fitar da hanya a cikin ciyawa, domin nan ne ya kamata hanya ta bi, ko da mai zanen farko ya ajiye ta a wani wuri dabam.

Bayan haka sai a kwashe tarkace, fasassun tukwane, tsofaffin tayoyi, ragowar bulo da ƙarafan da suka yi tsatsa, a ware abin da zai sake amfani. Sau da yawa wannan kaɗai yana nuna wa mutum cewa lambunsa ba lalacewa ya yi ba, cunkushewa ya yi. Ba ina cewa kada a taɓa sare bishiya ba ne. Wadda ta mutu, ko cikinta ya rube ta karkata kan gini, dole ta tafi. Haka nan dangin ceɗiya da durumi, da bishiyar turare, idan an dasa su dab da bango ko kusa da bututun ruwa, saiwoyinsu kan yi ɓarnar da gyaranta ya fi ƙarfin amfanin inuwarsu. Amma hukuncin kisa a yanke shi a kan bishiya ɗaya ɗaya, bisa hujja.

A nan ne zan daɗe, Malam Edita, domin rage rassa shi ne aikin da ya fi kowane canza kamannin tsohon lambu, kuma shi ne aka fi yin gyaran gangar Auzinawa a cikinsa. Shekarun baya na ɗauko wani mai sara ya rage mini wata babbar bishiya da ta yi wa tsakar gida duhu, na bar shi da aikin na fita, da na dawo sai na tarar ya guntule mata kai gaba ɗaya, ya bar kututture da guntayen rassa kamar yatsun kuturu. Ya tabbatar mini za ta toho, kuma ta toho ɗin, amma da ɗaruruwan siraran rassa da suka fito a cunkushe daga bakin saran, waɗanda ba su da riƙo mai ƙarfi a jikin itacen, iska na kaɗawa suna karyewa, ruɓa kuma ta shiga ta manyan raunukan da aka bari a buɗe. Cikin 'yan shekaru duhun ya dawo fiye da da, ga haɗari a kai. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Daga baya na fahimci dalilin. Wani masanin cututtukan itatuwa mai suna Alex Shigo, wanda ya yi aiki da Hukumar Kula da Dazuzzuka ta Amurka, ya tsaga dubban bishiyoyi da zarto yana duba yadda ruɓa ke tafiya a cikinsu, kuma a shekarun 1970 ya bayyana cewa bishiya ba ta warkar da rauni yadda jikin mutum ke yi, killace wurin take yi da wani shinge na cikin jikinta, sannan ta gina sabon itace a kansa. Ƙarfin wannan killacewa yana wurin ɗan kumburin nan mai kama da zobe da ke gindin kowane reshe, inda ya haɗu da uwar bishiya. Idan aka yanke reshe daf da wajen zoben, ba tare da an taɓa shi ba, raunin yakan rufe. Idan aka yanke har da zoben don saran ya yi sumul da jikin bishiya, ko aka bar dogon guntu a tsaye, an buɗe wa ruɓa ƙofa. Binciken nasa ya kuma nuna cewa shafa fenti ko kwalta a bakin sara ba ya hana ruɓa, don haka kuɗin wannan ma a adana shi. Reshe mai nauyi a yanke shi sau uku: a fara ɗan yanka shi ta ƙasa, tazarar kamar kamu ɗaya daga gindinsa, sannan a yanke shi ta sama ɗan gaba da nan har ya faɗi, daga ƙarshe a cire guntun da ya rage a bakin zoben, ta haka nauyin reshen ba zai yage ɓawon bishiyar ba lokacin da yake faɗuwa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda, tsohuwa ma ƙasa da haka. A fara da busassun rassa, da masu cuta, da masu gogar juna, sannan a ɗage na ƙasa yadda mutum zai wuce ba tare da ya sunkuya ba. Haske zai shigo ta ƙarƙashi, inuwa kuma ta zauna a sama.

Fulawoyi masu rassa da yawa daga gindi, waɗanda suka tsufa ƙasansu ya zama itace zalla, ganye sai a can sama, suna da nasu maganin. A maimakon a yi musu aski ta sama da almakashi, abin da ke ƙara musu duhu a waje da fanko a ciki, sai a zaɓi kashi ɗaya cikin uku na rassan da suka fi tsufa a yanke su tun daga gindi, a shekara ta biyu a cire rabin tsofaffin da suka rage, a ta uku a ƙarasa. A ƙarshen shekara uku tsiron ya zama sabo fil a kan tsohuwar saiwarsa mai ƙarfi, kuma babu lokacin da wurin ya zauna tsirara. Masu fure an fi so a yanke su bayan sun gama furensu. Almakashi da zarto su kasance masu kaifi, a riƙa goge su da sifirit idan an tashi daga tsiro mai cuta zuwa mai lafiya.

Abu na biyu da ke kashe tsofaffin bishiyoyi a lokacin gyara yana faruwa ne a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani. Mutane da yawa suna zaton saiwar bishiya tana nutsewa ne can ƙasa daidai tsawonta a sama, alhali mafi yawan saiwoyin da take sha da numfashi da su suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwarta nesa. Wanda ya malala siminti har gindin bishiya, ko ya jibge ƙasa mai kauri a kan saiwoyinta don ya daidaita fili, ko ya haƙa rami ya datse manyan saiwoyi, ko ya mai da ƙarƙashinta wurin ajiye mota har ƙasar ta daddale, ya shaƙe ta ne. Abin takaicin shi ne ba nan take take mutuwa ba, sai bayan shekara biyu ko uku ganye ya fara ƙanƙancewa, rassan sama su bushe, mai gida kuma ya ɗora laifin a kan tsufa ko gara. Siminti a dukan farfajiya yana kuma riƙe zafin rana ya sako shi da dare, ya hana ruwan sama shiga ƙasa. Hanyar tsakuwa, ko tsofaffin tubala da fasassun daɓen da aka kwashe daga gidan aka jera su a kan yashi, ta fi araha nesa ba kusa ba, tana barin ruwa da iska su ratsa, kuma idan saiwa ta ɗaga wani ɓangare sai a cire tubali biyu a gyara a mayar.

Ƙasar tsohon lambu takan gaji, musamman idan an shekara da shekaru ana share ganyen da ya zubo ana ƙonawa ko ana zubarwa a bola, domin wannan ganyen shi ne abincin da bishiya ke mayar wa ƙasa. Kafin a sayi taki yana da kyau a san irin ƙasar. A zuba ta a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye: yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, ƙasa mai laushi ta biyo baya cikin 'yan awoyi, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko fiye, kuma kaurin kowane layi zai nuna wanda ya rinjaya. A kuma haƙa rami mai zurfin santimita 30 a cika shi da ruwa, idan ya tsotse a sake cikawa, in har ruwan na biyu ya kwana a ciki to wurin ba ya tsane ruwa yadda ya kamata. Abin sha'awa shi ne maganin ƙasa mai yashi da na mai laka ɗaya ne, wato ruɓaɓɓen taki, wanda ke sa ta farko ta riƙe danshi, ta biyu kuma ta saki jiki. Hanyar haɗa shi a tsibi, wadda wani masanin noma ɗan Birtaniya mai suna Albert Howard ya tsara a garin Indore na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, ba ta buƙatar komai sai abin da gida ke zubarwa: a riƙa jera busasshen ganye da ɗanyen ciyawa da ɓawon kayan lambu da kashin dabbobi hawa hawa, busasshen ya fi yawa, a jiƙa shi ya yi danshi kamar tsumman da aka matse, a riƙa juya shi don iska ta shiga. Tsibin da ya haɗu daidai yakan yi zafin digiri 55 zuwa 65 a cikinsa, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, kuma cikin 'yan watanni ya zama baƙar ƙasa mai ƙamshi. Ɗanyen kashin dabbobi, musamman na kaji, kada a zuba shi kai tsaye a gindin tsiro, yana ƙona saiwa.

Ragowar ganyen da daddatsattsun rassan da aka rage kuwa a lulluɓe ƙasa da su, kaurin santimita 5 zuwa 10, domin su hana danshi gudu, su danne ciyawa, su sanyaya saiwa, tsutsar nan ta ƙasa, wato tana, kuma ta samu abin ci ta huda ƙasa. Sai dai a bar tazara tsakaninsu da jikin bishiya don kada ɓawonta ya ruɓe, a kuma nisanta su daga bangon gida saboda gara. Ina ganin babu ɓarnar kuɗi irin ta mai dagewa sai ciyawar ado ta fito a ƙarƙashin babbar bishiya, yana sayen iri da taki da ruwa kowace shekara, alhali ciyawar rana take so, bishiyar kuma ta riga ta cinye hasken da ruwan. Gara ya haƙura, ya lulluɓe wurin, ya dasa masu son inuwa a gefe, ya ajiye benci. Inda ciyawar banza ta mamaye, a shimfiɗa kwalaye a kanta bayan an cire ledar da ke jikinsu, a jiƙa su, a rufe da ganye, rashin haske zai kashe ta cikin watanni kaɗan, kwalin kuma ya ruɓe ya koma ƙasa.

Tsohon lambu shi ne kuma wurin renon sabbin tsirrai kyauta. Duk tsiron da ke yin dunƙule a gindi ana iya haƙo shi a raba gida uku ko huɗu a sake dasawa, rabon ma yana sabunta ƙarfinsa. Da yawa daga cikin fulawoyi suna kamawa idan aka yanki reshe mai tsawon kamu ɗaya, aka cire ganyen ƙasa, aka soka shi a yashi mai danshi a cikin inuwa. Masu taurin kai kuma sai a fere zoben ɓawo a jikin reshe tun yana kan uwarsa, a naɗe wurin da ƙasa mai danshi a cikin leda a ɗaure, idan saiwa ta fito a yanke a dasa. Abin da mutum ya rasa ya yi musaya da maƙwabci. Shawarata ita ce a guji tara kala ashirin, ɗaya ɗaya, domin iri uku ko huɗu da aka maimaita a jere sun fi sa wuri ya yi tsari a ido. A yi hattara da fulawar da ake kira oliyanda, wadda dukan jikinta guba ne, a gidan da ke da yara ko dabbobi, da fulawar lantana, wadda ta tsere daga lambuna ta mamaye dazuzzuka da makiyaya a ƙasashe masu zafi da dama.

Batun ruwa lissafinsa a fili yake. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, ke nan rufin gida mai murabba'in mita 100 yana zubo da lita 2,500 a ruwan milimita 25 kacal. Indararo da tanki ko durom sun isa a kama wani abu daga ciki, da sharaɗin a rufe bakinsu ruf, domin sauro yana kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙasar da ke jikin gini ta gangara waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko, yadda ruwa zai nufi bishiyoyi maimakon harsashin gini. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi, da sassafe, ya fi yayyafi kullum, domin yana sa saiwa ta bi danshi zuwa ƙasa. Akwai kuma dabarar binne tulun ƙasa marar shafe har wuya kusa da tsiro a riƙa cika shi, ruwan yana tsatsafowa a hankali daidai buƙatar ƙasar, dabarar da wani masanin noma na ƙasar Sin, Fan Shengzhi, ya rubuta fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Sai bayan duk wannan a waiwayi katanga da ƙofa da wurin zama, waɗanda galibi wanki, kankare tsatsa da fenti launi ɗaya suke buƙata. Gargaɗi ɗaya nake da shi a nan: tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda Amurka ta haramta a fentin gidaje tun 1978 amma ta daɗe bayan haka a kasuwannin ƙasashe da dama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jiki da aka san ba ya cutarwa, musamman ga yara. Kada a goge shi a bushe ƙura ta tashi, a jiƙa shi tukuna, a tattara ɓarɓashin kada ya shiga ƙasar lambu. Fitilu biyu ko uku masu aiki da hasken rana a bakin hanya sun wadatar.

Inda ban yarda a yi ƙoron kuɗi ba shi ne hawa babbar bishiya, da duk reshen da ya kusanci wayar lantarki ko ya rataya a kan rufi. Wannan aikin gwani ne mai igiya da kayan aiki, kuma mai gida ya tsaya a wurin ya nuna masa reshe ɗaya ɗaya, kada ya yi irin tawa. Ragowar kuɗin a sa su a zarto mai kyau da almakashi mai kyau, waɗanda za su yi shekaru ana mora.

Ina roƙonka, Malam Edita, idan da hali, jaridarka ta riƙa gayyato malaman gandun daji da na aikin gona su yi wa masu karatu bayanin lokacin da ya dace a rage kowane irin itace, tare da zanen inda zarto zai bi, domin wannan ya fi saurin shiga ta ido. Ita kuwa bishiyar tawa tana nan da ranta. Kowace shekara nakan zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi daga cikin tohon in bar su, in cire sauran, kuma bana ne karon farko da inuwarta ta sake kaiwa bakin ƙofar ɗaki.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu, mai sha'awar aikin lambu